Gwangwanaye Shida a Cikin Soro

Wanda ya tashi ya tarar da waya a aljihun kowa ba zai san irin nauyin da nisa yake da shi a ƙasar Ƙaraye da Rogo ba. Kafin watan Agustan 2001, lokacin da wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya, layukan tarho na ƙasar baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, su ɗin ma yawancinsu suna manyan birane. A Ruwan Bago, in kana da saƙo zuwa Kano ko Zariya, sai ka jira ranar kasuwa ka ba direba, ko ka ɗora yaro a keke ya kai bakin titi. Labarin rasuwa yakan kwana a hanya, wani ɗan'uwan sai an yi sadakar uku yake ji. Rediyo kam akwai shi a kusan kowane zaure: Kaduna a kan mita 49, ga Kano, ga BBC da ta soma Hausa tun 1957. Sai dai shi rediyo baki gare shi, ba shi da kunne. Na'urar da ake magana a mayar, wato oba-oba, ta 'yan sanda ce da soja da manyan ma'aikatu.

Gida ɗaya ne ya fita daban a unguwarmu, gidan Baba. Ƙanin kakana ne na wajen uwa, don haka akwai wasa tsakaninmu, ba ya kirana da sunana sai "abokina". Ya yi aikin gidan waya tun ana buga tangaraho, yana nan aka cire ɓangaren tarho aka kafa NITEL a 1985, daga baya ya yi ritaya ya dawo gida da akwatuna cike da wayoyi da mitoci da tsofaffin mujallu. Yana da wata takarda da yake ji da ita fiye da ta fansho: lasisin 'yan sha'awar rediyo. Masu irin wannan lasisi a duniya suna da zangunan da aka keɓe musu, kuma kowa da lambar kiransa. Ta ɗan Najeriya tana farawa da 5N, ta ɗan Nijar da 5U. Sharaɗin shi ne ba ciniki, ba kiɗa, ba neman kuɗi. Da gajeren zango Baba yakan yi hira da mutanen Turai cikin dare, abin da ya sa wasu tsofaffi suka daɗe suna zargin ko yana da rauhanai.

Abin da ya fi damunsa kuwa ba Turai ba ne, makwabta ne. Yana da 'yan abokai masu irin lasisinsa, ba su da yawa, a wajajen Zariya da Funtuwa da ɓangaren Kano. Suna amfani da zangon mita 2, wanda a nahiyarmu yake tsakanin megahaz 144 da 146. Muryar wannan zango tas take fita, amma tafiyarsa miƙe take, ba ya lanƙwasa ya bi bayan tudu ko doron ƙasa. Na Zariya ba ya jin na Kano. Ƙasar Rogo kuma tana daidai inda Kano ta haɗa iyaka da Katsina da Kaduna, sai Baba ya ga ai shi ne a tsakiya. Ya ƙudurta zai kafa rifita: na'urar da za ta ji maganar wannan, ta ƙara mata ƙarfi, ta cilla wa wancan a cikin wannan daƙiƙa. A ƙarshen shekarun 1990 ne, ina ƙaramar sakandare, ya ɗauke ni ɗan riƙe fitila.

Haɗa mai ji da mai magana bai ba shi wahala ba, tsofaffin oba-oba biyu ya gyara. Turken eriya kuwa bututun rijiyar burtsatse ne aka jona, aka ɗaure da wayoyi ta kusurwa uku. Wahalar tana wuri ɗaya. Rifita tana ji tana magana lokaci guda, da eriya ɗaya. Ka ɗauka mai shela ne yake kwarara murya iya ƙarfinsa, kuma a wannan lokacin ake so ya ji raɗar da ake yi masa daga bayan gari. Tsakanin zangon da take ji da wanda take magana kilohaz 600 ne kacal, bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na zangon ba. Bakinta yana fitar da wat 20 ko 25, kunnenta kuma yana farautar abin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na bolt ba. In ana so kunnen ya tsira, sai an rage ƙarfin muryar da ke komowa gare shi kamar sau miliyan 100. Na'urar da ke wannan aiki ita ce dufileksa. Mu dai gwangwanaye muke ce mata, don haka take a ido.

Kowane gwangwani bututun jan ƙarfe ne rufaffe, da sanda a tsakiyarsa, maƙale a murfin sama, tana reto ba ta taɓa gindi. Tsawon sandar shi ne komai. Igiyar zangon megahaz 145 tana da tsawon mita 2 da ɗan ɗoriya, sandar kuma dole ta zama kwatan wannan, wajen santimita 50. In tsawon ya yi daidai, gwangwanin zai bar zangonsa ya wuce, ya shaƙe na kusa da shi. Uku ake jerawa a gefen kunne, uku a gefen baki. Baba ya samo tsarin a QST, mujallar 'yan rediyo ta Amurka, wadda a 1972 ta buga yadda mutum zai haɗa shi a gida da bututun jan ƙarfe mai faɗin inci 4. Mujallar ba ta san cewa irin wannan bututu ba a shago yake a Kano ba. Sai da aka bi 'yan gwangwan a Ƙofar Ruwa, yau a sami guntu, wani watan a sami wani. Ƙananan kaya kuwa a Sabon Gari aka tsinto su. Liƙin dalma ya fi ƙarfin ɗan ƙarfen da muke ɗorawa a kan risho, saboda jan ƙarfe yana shanye zafi nan take, sai muka kwashi kayan zuwa maƙera, aka yi da gawayi da zugazugi. Ni aikina goge ciki da lemon tsami da toka har sai na ga fuskata. Baba ya ce wutar wannan zango ba ta shiga cikin ƙarfe, a fatarsa take gudu, kaurin da bai kai na gashin kai ba, don haka datti kaɗan asara ce.

Da hunturu aka gama. Aka jera gwangwanayen a wata rumfar kwano da ke gindin turke, aka saita su da sassafe muna rawar ɗari, aka kunna. Ranar na Funtuwa ya gaisa da na ɓangaren Kano ta kan rufin gidanmu, Baba ya rasa inda zai sa kansa don murna. Tun daga nan bayan sallar isha'i zaurensa yake cika. Hirar tasu ba ta wuce eriya da batir da ko an yi ruwa a wajenku. Masu son a tambayar musu farashin masara a Dawanau yakan ba su haƙuri, ya ce lasisinsa bai ba shi ba. Amma in maganar rashin lafiya ce ko rasuwa, ban taɓa ganin ya iya cewa a'a ba.

Sai bazara ta kawo kai. Abokan nesa suka fara ƙorafi: rifita ta kurumce. Wanda yake kusa tana jin sa, na nesa kuwa sai shuu da ƙaraf-ƙaraf. Wani ya ce batir ne, wani ya ce eriya ta karkace, wani ya ce a kwance komai a sake. Baba bai taɓa ko noti ɗaya ba. Duk wanda ya kawo ƙara tambaya ɗaya yake masa: "Da wane lokaci take yi?" Amsoshin suka zo iri ɗaya. Da asuba lafiya lau. Daga hantsi ya ɗaga sai ta fara, azahar zuwa la'asar ba ta jin kowa, can cikin dare ta dawo hayyacinta.

Ya ce da ni, "Abokina, batir bai san azahar ba. Wanda ya san azahar shi za mu nema."

Ya rataye ma'aunin zafi a rumfar, ya ba ni littafin makaranta mai layi, ya ce bayan kowace salla in rubuta abin da ma'aunin ya nuna da inda allurar mita ta tsaya. Kafin littafin ya yi nisa, abin ya fito fili: layin zafi yana hawa, layin ji yana sauka. A ƙasar Kano sanyin asubar Janairu yakan sauko wajen digiri 12 ko 13, zafin ranar Afrilu kuma yakan taɓa 40 a inuwa. Ƙarƙashin kwano ya wuce haka. Wato tsakanin safiyar da muka saita gwangwanayen da azahar ɗin da suka ƙi aiki akwai ratar digiri 30 ko fiye.

Wani dare ya zaunar da ni ya yi lissafin a bayan kwalin sukari. Kowane ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi. Shi ya sa ake barin 'yar tazara tsakanin ƙarafan titin jirgin ƙasa, shi ya sa wayar lantarki take yin ciki da rana. Jan ƙarfe yana ƙaruwa da kashi 17 cikin miliyan a kowane digiri. Sanda mai santimita 50, in zafi ya ƙaru da digiri 30, za ta ƙara kwatan milimita. Na yi dariya, na ce, "Baba, kwatan milimita ai ko ido ba ya gani." Ya ce ido ba ya gani, amma zango yana gani. In sanda ta ƙara tsawo, zangon gwangwani sauka yake yi, kusan kilohaz 2 da rabi a kowane digiri. A digiri 30 ya zame fiye da kilohaz 70. Tarkon da aka ɗana wa muryar rifita ƙunci gare shi ƙwarai. Da ya gusa haka, muryar sai ta bi ta gefensa ta faɗa kunne. Ba lalacewa na'urar ta yi ba. Kanta take ji, shi ya hana ta jin kowa.

Abu mafi sauƙi shi ne a sake saiti da rana. Amma wanda ya saita da azahar ya ɓata na asuba, wanda ya saita a Afrilu zai sake a Disamba. Baba ya ce shi ba zai zama bawan sifana ba.

Kamfanonin da ke ƙera dufileksa na sayarwa sun daɗe da maganin abin. Akwai wani gauraye na baƙin ƙarfe da nikel, kashi 36 cikin ɗari nikel ne, ana ce masa inba. Wani masani ɗan Suwizalan, Charles Guillaume, shi ya gano shi a 1896, har ya sami kyautar Nobel a 1920. Miƙewarsa ba ta fi kashi ɗaya da ɗan wani abu cikin miliyan ba, wato bai kai kashi ɗaya cikin goma na jan ƙarfe ba. Sai su yi sandar tsakiya gaɓa biyu, ɗaya tana zamewa cikin ɗaya, su sa tsinken inba ya riƙe gaɓar ƙasa. Jan ƙarfen ya yi ta miƙewarsa, bakin sandar yana nan inda tsinken ya tsayar da shi. Baba ya aika Kano, ya aika Kaduna, ya rubuta wa wani abokinsa a Ikko. Babu wanda ya taɓa jin sunan abin a kasuwa, sayo shi daga waje kuma ya fi ƙarfin ɗan fansho.

Daga nan ya koma wa wata tsohuwar dabara ta masu agogo. Agogon bango mai lilo yana da irin wannan ciwo: da zafi sandar lilon ta ƙara tsawo, agogo ya riƙa makara. Wani kafinta a Ingila, John Harrison, ya magance shi a shekarun 1720 ta hanyar jera sandunan baƙin ƙarfe da na tagulla, wasu suna miƙewa ƙasa, wasu suna ɗagawa sama, ƙarin wannan ya cinye ƙarin wancan. Baba ya ce, "Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Tun da ba mu da wanda ba ya motsi, sai mu haɗa masu motsi biyu su yi ta ja-in-ja, mu mu huta."

Ga yadda ya yi. Baƙin ƙarfe yana ƙaruwa da kashi 12 cikin miliyan, sanholo kuma 23, kusan ninki biyu. A kan murfin kowane gwangwani ya kafa bututun sanholo mai tsawon santimita 55, wanda ya yanko daga tsohuwar eriyar talabijin. Daga ƙolin bututun ya rato tsinken baƙin ƙarfe mai santimita 105, ya ratsa ta cikin bututun, ya shiga cikin sandar jan ƙarfe, ya riƙe gaɓarta ta ƙasa. In zafi ya taso, tsinken zai miƙe ƙasa, bututun kuma zai ɗaga wurin da tsinken yake rataye. Ka buga 105 sau 12, ka buga 55 sau 23, za ka ga kusan abu ɗaya suke ba ka. Bakin sandar sai ya tsaya cik. Tsinken yana ɓoye a cikin jan ƙarfe, don haka wutar zango ba ta haɗuwa da shi. Na fi kowa jin daɗin wannan lissafi, domin shi ne karo na farko da na ga abin da ake koya mana a aji ya sauko daga allo ya yi aiki.

Kurumtar ta ragu sosai, amma ba ta tafi duka ba. Yanzu da hantsi take yi, da kuma bayan magariba, daidai lokacin da zafi yake saurin canzawa. Littafina ya sake tona asiri. Bututun sanholo yana waje, siriri ne, da iska mai zafi ta taɓa shi ya amsa. Tsinken kuwa rabinsa yana can cikin jan ƙarfe mai nauyi, sai an jima zafin yake isa gare shi. Lissafin yana cika ne kawai in su biyun suna jin zafi ɗaya a lokaci ɗaya. A rumfar kwano hakan ba ta samuwa.

Wanda ya warware wannan bai taɓa riƙe mita ba. Tsohon magini ne, abokin Baba tun na yarinta, ya zo duba katangar da za a yi wa yaɓe kafin damina. Ya leƙa rumfar, zafi ya buge shi, ya ja da baya.

Ya ce, "Malam, waɗannan baƙin naka laifin me suka yi maka ka ajiye su a nan?"

Baba ya yi masa bayani a taƙaice. Maginin ya ce, "Ni ban san zango ba. Amma in abin da kake nema wurin da rana da dare ba su da bambanci ne, ai kana da shi a cikin gida, ka cika shi da buhunan dawa."

Tsohon soron da ke bayan turaka yake nufi, ginin tubali mai kaurin kamu guda da ɗoriya, rufin azara da ƙasa, ƙofa ƙarama, taga kamar ta tantabara. Ya ce irin wannan katanga rana takan wuni tana dukanta, amma kafin zafin ya ratsa ya iso ciki dare ya yi, sanyin dare kuma kafin ya ratso gari ya waye. Abin da masana gini suke aunawa da na'ura ke nan: ƙasa mai kauri tana shan zafi a hankali, tana sakinsa a hankali, sai ta jinkirta shi sa'o'i masu yawa, ta kuma rage masa kaifi. Ya ƙara da cewa a haƙa ƙasan ɗakin zuwa gwiwa, domin daga wajen rabin mita ƙasa ba ta san bambancin rana da dare ba sai kaɗan.

Aka kwashe dawa. Aka yi rami, aka shimfiɗa katako, aka jera gwangwanayen a cikin akwati, bututan sanholo duk suna ciki. Turken eriya ma sai da aka matso da shi jikin soron, saboda doguwar waya tana cinye ƙarfi. Mai maganar, wanda shi kansa yana fitar da zafi, aka bar shi a kan kanta nesa da ramin. Baba ya huda 'yan ƙofofin iska a murfin akwatin, domin gwangwanayen ma suna ɗumi in ana doguwar hira: kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ya shige su a nan yake zama zafi. Na ci gaba da rubutu. Ma'aunin da yake tsalle a rumfa ya koma rarrafe, tsakanin asuba da la'asar 'yan digiri kaɗan. A wannan ɗan motsi, dabarar ƙarfe biyu ta wadatar har da saura.

Wani daga cikin masu zaman zaure ya kawo shawarar a zuba yashi a ramin a riƙa jiƙa shi, yadda ake yi wa randa. Baba ya ƙi. Ba da jimawa ba muka ji a rediyo cewa wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sami kyautar Rolex ta shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, mai hana tumatir da alayyafo saurin lalacewa. Mai shawarar ya zo yana cewa ai ga shi nan. Baba ya ce dabarar ta yi, amma ta kayan miya ce. Shi ba sanyi yake nema ba, rashin canji yake nema, kuma laima abokiyar gabarsa ce ta biyu.

Damina ta gaskata shi. Iskar da ke cikin gwangwani tana cikin lissafi: in ta ɗauki tururin ruwa, zangon yana ƙara sauka. Tsakanin busasshiyar iskar hunturu da ta watan Agusta bambancin yakan kai wajen kilohaz 15, ko da zafi bai canza ba. Ga kuma koren tsatsa da laima take haifarwa a fatar jan ƙarfe. Muka toshe gaɓoɓin da kakin zuma, muka tara 'yan ƙullin nan masu shan laima da ake samu a kwalin magani da na takalmi muka zuba a akwatin, in sun jiƙa a gasa su a kan murhu a mayar. Zanzaro ma ya ba mu aiki, domin duk hudar da ya gani gida yake gani. Ƙofofin iska sai da aka lulluɓe su da gidan sauro.

Duk da haka Baba yakan taɓa saiti sau biyu a shekara, farkon damina da farkon hunturu, kuma yana da ƙa'ida: ba a saiti da asuba, ba a yi da azahar, sai da hantsi, lokacin da ma'auni yake tsakiyar tafiyarsa ta yini. In ka tsaya a tsakiya, duk inda ƙarfe ya gusa rabin tafiya ya yi. Ba mu da na'urorin auna zango irin na kamfani. Wata 'yar na'ura ya haɗa a gwangwanin madara mai fitar da siginar da da ƙyar ake ji, in kai ta bakin gona in dawo. Sai ya kunna mai magana, ya kashe, ya kunna. In shuu ɗin ya ƙaru lokacin da aka kunna, da sauran aiki. Yana juya noti kamar ba ya so, ni ina kallon allura ina cewa "ƙara", "ya isa", "koma kaɗan". In aka kai inda kunnawa da kashewa ba su da bambanci a kunne, sai ya ɗaure noti ya ɗiga masa jan farce.

Rifitar ta yi shekaru tana aiki a haka. Abin da ya kashe ta ba zafi ba ne. Dogayen turakun kamfanonin waya suka iso ƙasarmu, abokan Baba wasu suka rasu, wasu suka sayi salula. Bayan rasuwarsa gwangwanayen a kilo aka sayar da su, jan ƙarfe yana da kuɗi. Soron ma ya bi sahun 'yan'uwansa, an rushe an yi na bulo da kwano, ɗakin da ba ya shiguwa da rana sai da fanka.

Sai da na shiga sana'ar gyaran waya a Kano na gane cewa ciwon bai tafi ko'ina ba, ƙanƙancewa ya yi. Wayar da ke aljihunka tana ji tana magana lokaci guda da eriya ɗaya, don haka akwai dufileksa a cikinta, ba ma ɗaya ba, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Su ma zafi yana gusar musu da zango. Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne su shafa wani siririn ɓawo na sinadarin gilashi, wanda halinsa da zafi kishiyar na abin da ke ƙarƙashinsa ne, wannan ya ja nan, wancan ya ja can. Dabarar kafintan Ingila ce, dabarar bututun sanholo ce. Ɗakunan da ke gindin turakun waya kuma, da na'urar sanyaya ɗaki da janareta suke sayen abin da soron dawa ya ba mu kyauta.

Yaran yanzu sun fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba. Nakan ga masu hazaƙa a cikinsu sun haɗa 'yar tashar FM da hannunsu, ta yi aiki da safe, da rana ta zame daga inda aka kama ta, sai su yi ta canza kaya suna zargin na jabu aka sayar musu. Haka masu kawo mini waya ko inbata ko batirin sola: an riga an buɗe, an canza wannan an canza wancan, ba wanda ya tambayi mai kayan ko a ina yake ajiye shi, ko da wane lokaci yake yi. A ƙasar da ma'auni yake iya tafiyar digiri 15 ko fiye tsakanin asuba da azahar, wannan tambaya rabin gyara ce. Shi ya sa duk yaron da aka kawo mini koyon aiki, kafin in ba shi ƙarfen dalma, ma'aunin zafi nake fara ba shi da littafi mai layi, in ce ya rataye shi a shago ya riƙa rubutawa bayan kowace salla. Waɗanda suka ga abin ɓata lokaci ne ba sa daɗewa. Waɗanda suka cika littafin, yawancinsu yau suna da shagon kansu.